Ɗigon Tawadar Gwaggo Asabe

Shekara tara ke nan da rasuwar Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, wadda ta koyar da matan layinmu karatun allo a Kabara. Duk shekara da hawaye nake tuna ta. Bana kuwa murna ce ta hana ni zama, har maigidana yana tambaya ko kujerar Makka aka ba ni.

Ɗana Auwalu yana da shekara huɗu zazzaɓi ya kama shi. Gidanmu babban gida ne, yaro na kowa ne, kuma kowa likita ce. Na ba shi farasitamol na ruwa, na tafi aiki. Gwaggo ta taɓa goshinsa ta ji zafi, ta ƙara masa, da cokalin miya kuwa, don ita ba ta yarda da ɗan murfin awon nan ba. Maƙwabciyarmu ta leƙo dubiya da maganin mura daga kemis, ashe shi ma akwai farasitamol a ciki. Kwana uku muna haka, kowacce tana zaton ita kaɗai ke ɗawainiya.

Sai amai, sai idanunsa suka koma ruwan ɗorawa. Muka ce shawara ce. A asibiti likita ya ce hantarsa ce ta taɓu, ya tambayi wa ke ba shi magani. Mu uku muka amsa a tare. Ya yi mana bayani cewa maganin nan da muke ɗauka kamar ruwan sha, in ya wuce ƙima hanta yake ci. Gwargwadon nauyin yaro ake aunawa, da tazara, kuma ba a wuce sau huɗu a yini da kwana.

A bakin ɗakin likitan na juya na ce, "Gwaggo, cokalinki ne ya jawo mana wannan." Ta gyara mayafinta kawai.

Allah ya tashi kafaɗun Auwalu. Ranar da aka sallame mu Gwaggo ta fito da kurtun tawadarta ta kafa doka. Yatsu biyar, salloli biyar: duk wadda ta ba yaro magani ta ɗiga masa tawada a farcen sallar da ta fi kusa, babban yatsa asuba, ƙaramin yatsa lisha. Kafin ki buɗe kwalba sai ki buɗe hannun yaro. Ban da asuba da azahar, ba a ba da magani a salloli biyu a jere, sun yi kusa da yawa. Cokalin miya ya koma madafa. Mun yi mata dariya, muka ce Gwaggo ta buɗe asibitin allo. Ta bi ɗalibanta gida gida tana koya musu, ba ta fasa ba.

Yau da tana nan, na san za ta yi tsaki in ta ga iyaye suna tambayar waya yawan maganin da za su ba yaro, ga kemis a kowane lungu. Amma da ta ga Auwalu, wanda yanzu sai ya sunkuya yake shiga zaurenmu, ai da guɗa za ta rangaɗa.

Makon jiya na shiga adaidaita sahu a Ƙofar Ruwa. Wata matashiya ta zauna kusa da ni, 'yarta a cinya, jikin da ɗumi. Ina duba hannun yarinyar sai ga ɗigo biyu baƙaƙe, asuba da azahar. Na ce, "Baiwar Allah, wa ya koya miki wannan?"

Ta ce, "Hajiya, ai haka ake yi a Dukawuya. Tun kaka da kakanni ne."

Kaka da kakanni! Na yi dariya har direba ya waiwayo. Abin da aka fara a tsakar gidanmu ya tsallaka unguwanni, ya yi tsufan da har an manta mai shi.

Gwaggo ba ta haihu ba, ba ta bar gida ko gona ba. Ta bar yaran da ba su san sunanta ba suna yawo da hantarsu lafiya. Ni kuma ta bar ni da maganar da na kasa faɗa mata shekara shida muna cin tuwo kwano ɗaya: a kwanakin nan uku, ni ma sau biyu na ninka masa awon, don in samu ya yi barci. Ta ɗauki laifin ita kaɗai har kabari. Gwaggo, ki yafe mini. Allah ya kai haske makwancinki.