Labulen da Bai Kai Ba

Shekara ashirin da biyu Tela ta yi tana taka keken ɗinki, har sunanta na gaskiya ya ɓace a unguwa. Yara da manya Tela suke ce mata, mijinta ma in tsokana ta motsa masa haka yake kiranta. Ba ta taɓa riƙe alli ba sai na zana yadi. Karatunta a sakandare ya tsaya, kuma ba ta ɓoye wa kowa cewa lissafi ne ya koro ta.

Autarta ce ta mai da ita malama. Auta tana aji uku ta daina rubutu. Ba rashin iyawa ba ne. In ta yi kuskure ɗaya sai ta yi ta gogewa har takardar ta huje, daga nan ta kife littafin ta yi tsit. Kullum da safe ciwon ciki, ranar da babu makaranta kuwa garau take tashi. Tela ta ce a bar mata yarinyar a gida. Baban Auta, direban babbar mota da kan yi sati biyu a hanya, ya yarda amma da sharaɗi: shekara ɗaya. In ta cika, yayar Tela da ke koyarwa a firamare za ta zo ta gwada yarinyar. In ba ta yi rubutu ba, sai komawa aji. Tela ta san ciwon cikin nan zai dawo, kuma tsoron ranar take ji ƙwarai.

Ba ta san tsarin darasi ba, sai ta yi yadda ta saba da yadi: ƙyalle ɗaya, a fitar da gaba da baya da hannu. Kowane wata abu guda suke ɗauka su yi ta juya shi. A watan albasa sun dasa ta a kofin gilashi, Auta na auna saiwa da tef ɗin ɗinki. Suka tambayi mai kayan miya inda ake kawo ta, suka nemo wurin a taswira. A watan ruwa sun bi bututun famfo har bakin titi, suka tace ruwan laka da yashi da gawayi. A watan inuwa kuwa sandar tsintsiya suka kafa a tsakar gida, duk awa ɗaya Auta ta zana inda inuwar ta kai. Baban ya dawo ya tarar da siminti duk zanen alli.

"Wai makarantar taku ba ta da kujera ne?" in ji shi.

"Tana da guda ɗaya," Tela ta ce, "ga ka nan a kanta."

Yarinya ta sake, baki ya buɗe, lissafi da ka har tana gyara wa uwar. Amma biro dai a'a. Ita ke faɗa, Tela na rubutawa. Haka aka cinye wata goma sha ɗaya.

Watan ƙarshe suka ɗauki labule, don tagar ɗakin ɗinki ta daɗe ba ta da shi. Auta ta auna tsawo, santimita ɗari da hamsin, ta ƙara goma na kalmasa. Suka karanta yadda auduga ke zama zare, suka yanka farin yadi suka ɗinke, sannan suka dafa shi a tukunya da ɓawon albasar da suka tara, ya fito ruwan ƙasa-ƙasa gwanin sha'awa. Tela ta shagala da tunanin abin da za ta koyar, ta manta abin da ko sabon shiga ɗinki ya sani: auduga takan tsuke in ta sha ruwan zafi, shi ya sa ake wanke ta kafin almakashi ya taɓa ta.

Da hantsin ranar gwaji suka rataya shi, Yaya na zaune da takardun tambayoyi a jakarta. Labule ya tsaya can sama da ƙasan taga, rana na shigowa ta ƙarƙashinsa. Tela ta ga kafaɗun 'yarta sun sauka.

"Mama, na auna daidai," Auta ta ce.

"Kin auna daidai. Ni ce na yi shirme, ban wanke yadin ba kafin mu yanka."

Yaya ta kwashe da dariya. "Ke, Tela guda? Da girmanki?"

"Da girmana, Yaya." Kunya ta kama ta sosai, amma ita ma sai da ta dara.

Auta ta dubi uwarta. "Za ki farke shi?"

"A'a. A nan zai zauna."

"Masu kawo ɗinki za su gani fa."

"Su gani mana."

Yarinyar ta daɗe tana kallon labulen. Sai ta ɗauko tef ta auna: ɗari da arba'in da ɗaya. Tara ya tafi. Ta yi ta motsa baki, ta ce ke nan kowace mita ɗaya santimita shida take ci. Tela ta miƙa hannu za ta ɗauki littafi kamar kullum.

"Bari, Mama. Ke za ki sake mantawa."

Ta yagi takarda, ta durƙusa a gaban teburin yanka, ta rubuta da manyan baƙaƙe masu karkata: A wanke auduga kafin a yanka. Mita ɗaya tana cin santimita 9. Ta tsaya. Ta sake duba lambar. Ta ja layi ɗaya a kan taran, ta sa 6 a gefe, ta ɗauki fil ta kafe takardar a bango daidai saitin keken.

Yaya ta tashi ta karanta sau biyu. "Zan gaya wa babanta ta rubuta," ta ce. "Sauran tambayoyin sai mun sha ruwa."

Tela ta ce to, bari ta kawo. Amma sai ta zauna a kujerar keken ta rufe fuska da gefen mayafinta, Auta ce ta tafi ɗebo ruwan.