Malam Mala da Rediyon Kwaleji

Malam Mala Kyari haifaffen Fagge ne. Kakansa ya zo daga Barno da fataucin kanwa, ya zauna bai koma ba. Shi Mala bai bi kasuwa ba, aikin waya da batir ya koya, har a 1956 wata kwalejin horon malamai ta ɗauke shi mai kula da lantarki.

A kwalejin akwai wani ɗan ɗaki da ɗalibai ke kira gidan rediyo. Makirfo ɗaya ne a ciki, da na'urar ɗaukar magana, sai lasifika huɗu a ɗakunan kwana. Duk Alhamis bayan la'asar ɗalibai kan yi rabin awa suna karanta labarai da muhawara da Turanci. Mala ne ke kunna musu kayan, kuma abin na cin ransa. Mutum tamanin suna ta yi wa junansu magana, ga jama'ar gari a waje ba wanda ya san ana yi.

Ya sami shugaban kwalejin, wani Bature, ya roƙi a bar shi ya riƙa fita da shirin. Sai da ya yi wata uku yana sintiri kafin aka ce ya ɗauki na'urar ranar Asabar, ya dawo da ita kafin magariba.

Ya ɗaure ta a bayan keke ya nufi Sabon Gari, shagon abokinsa Innocent mai gyaran rediyo, domin shi ke da wuta. Suka rataye lasifika a ƙofa, suka kunna shirin ɗaliban. Mutane suka taru, amma ba a yi minti goma ba suka watse. Inna Yakaka mai turaren wuta, maƙwabciyarsu a Fagge, ta tsaya ta dube shi.

"Mala, yaran nan da wa suke? In da mu ne, ba mu ji ba."

Ya koma ya roƙi ɗalibai su yi da Hausa. Suka ce, "Malam, jarrabawarmu da Turanci ce." Biyu kawai suka yarda.

Innocent ne ya haɗa shi da Monica, ungozoma a Sabon Gari, wadda Hausa ta zauna a bakinta. Ɗaliban biyu suka yi mata tambayoyi kan gudawar yara da damina, ta amsa da Hausa, ta maimaita da Ibo, Mala yana ɗauka a faifai. Ran da aka saka faifan, amalanke bai iya wucewa ta gaban shagon ba. Sau uku Mala yana mayar da shi farko, wasu kuma suka roƙi ya kai wa matansu a gida.

Ranar Litinin shugaba ya kira shi.

"Na ba ka na'ura don a ji ɗalibanmu. Wannan matar ɗalibarmu ce?"

"A'a, ranka ya daɗe. Amma ita aka tsaya ji, kuma yaranmu ne suka yi tambayoyin."

"In ta faɗi kuskure, sunan wa zai ɓaci?"

Aka kulle na'urar a kabad. Mala ya rubuta takarda har uku, kowace aka ce kwamiti zai duba. Inna Yakaka ta yi ta tambayarsa yaushe za a sake, har ya fara canja hanya don kada su haɗu.

A 1959 ya ajiye aikin ya koma shagon Innocent. Kafin ya tafi ya nemi a ba shi faifan Monica kawai. Akawun kwaleji ya duba ya ce ai tuni an ɗauki jawabin ranar rabon kyaututtuka a kansa. Mala ya miƙa makullan ɗakin lantarki, ya ja kekensa ya fita bai yi wa kowa sallama ba.