Saƙon Inna a Bakin Goggo

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu sai an tuna mini, amma yadda na ƙi aikin kamfanin jirgin sama da hannuna, wannan kam da shi za a binne ni. Shekara tara ke nan, kuma har yau in abin ya faɗo mini ina cin abinci sai in tsame hannu.

Ni ne ɗan fari a wajen mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ma zama mu yi hira, in na shiga ɗakinta sai ta sami wani abu a gefe ta riƙa kallo. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggo, ƙanwar mahaifina da ke aure a Gadaka, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Ita ta goya ni, ita ta kai ni makaranta, ita ta yi jinyata lokacin da na yi ƙyanda. Da mijinta ya rasu muka dawo Potiskum muka zauna tare, lokacin mahaifina shi ma ya riga mu gidan gaskiya. In Inna na da magana da ni, Goggo take gaya wa. In ni ke da magana, Goggo nake ba ta kai. A bakin Inna ma sunana "ɗan gidan Goggo". Haka na taso na tarar, kuma ban taɓa ganin aibun abin ba.

Na gama difloma a fannin lantarki, na yi ta yawo da takardu har tafin takalmina ya cinye, aiki ya ƙi samuwa. Sai na haƙura na shiga garejin tireloli ina gyaran wayoyin lantarkinsu, tunda garinmu ko me ya rasa ba ya rasa tirelar da fitilarta ta mutu. Ina nan wani abokin karatuna ya turo mini sanarwa a waya, wai wani kamfanin jiragen sama na neman matasan da zai koya wa gyaran lantarkin jirgi. Na cike ne kawai don kada ya ce na raina ƙoƙarinsa. Sai ga shi an kira ni Abuja, na zauna jarrabawa, na yi intabiyu, ni da ko ƙofar filin jirgi ban taɓa leƙawa ba. Bayan wata biyu imel ya shigo ina kwance a ƙarƙashin wata tirela. An ɗauke ni. Horo na shekara biyu a Legas, daga nan aiki, kuma kwana goma suka ba ni in ba da amsa.

Ogan garejinmu ya karɓi wayar ya juya ta, ya ce, "To injiniya, ka dai riƙe a ranka, jirgi ba a tura shi in batir ya mutu." Aka yi ta dariya.

Ba zan ce ban ji tsoro ba. Legas ba Damaturu ba ce da za ka je da safe ka dawo ka ci tuwon dare a gida. Ba ni da kowa a can, ba na jin yarensu, kuma an gaya mini gida sai dai sau ɗaya a shekara. Duk da haka ina son tafiyar, so mai tsanani. Abu ɗaya nake jira, albarkar Inna, don ni ba irin mutumin da zai tsallake maganar uwa ba ne ko da kujerar gwamna aka ajiye masa.

Na same ta a gidanmu na unguwar Bolewa tana tsince wake a tsakar gida. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta, na yi bayanin komai ina kallon ƙasa. Ba ta daina tsintar ba. Da na gama ta ce, "Ka je ka gaya wa uwarka. Abin da ke nan za ta ji daga gare ni." Uwata a nan Goggo take nufi.

Washegari Goggo ta yafa mayafi ta tafi Bolewa. Ba ta dawo ba sai bayan la'asar. Ta zauna a bakin gado, ta sha ruwa, ta daɗe tana gyara ɗankwali, sannan ta ce, "Na je. Ta ce in gaya maka hankalinta bai kwanta da tafiyar nan ba. Ta ce in ka tafi, to ba da yawunta ba."

Na ce, "Goggo, Inna ce ta faɗi haka?"

"Ƙarya zan yi maka?"

"To ke fa, me kika gani?"

"Ni mece ce tawa a ciki? Ni riƙo aka ba ni. Wadda ta haife ka ta yi magana."

Kwana bakwai na yi ina juya abin a raina. In na shiga gareji sai in riƙe waya ja da baƙa in rasa wacce zan haɗa da wacce. Ƙanwata mai bi mini ta tare ni a zaure wata rana ta ce, "Yaya, ka tambayi Inna da bakinka mana. Ni fa ban ga alamar ɓacin rai a fuskarta ba." Na daka mata tsawa, na ce ita me ta sani, yaushe aka fara tsare uwa da tambaya kamar a kotu. Yarinyar ta fi ni hankali nesa ba kusa ba, amma a lokacin girman kai na ɗan fari ya rufe mini ido.

Ana gobe wa'adin zai cika na koma Bolewa da hantsi. Inna ta sa aka kawo mini kunun gyaɗa. Na zauna a bakin ƙofarta kusan rabin awa. Na yi maganar kwanon ɗakinta da ke yoyo, na yi maganar akuyar da ta haihu, na yi mata sannu da ciwon ƙafarta. Tambaya ɗaya ce ta kawo ni, amma na kasa fito da ita. Daga ƙarshe na ce, "Inna, na fasa tafiyar."

Ta ɗago kai ta dube ni ido cikin ido, abin da ban tuna ta taɓa yi ba. Sannan ta sunkuyar, ta ce, "To. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Ni a wautata na ɗauka kallon samun sauƙi ne. Na koma gareji na zauna a inuwar wata tirela na rubuta wa kamfanin cewa na gode, ba zan samu zuwa ba. Wata mata daga ofishinsu har ta kira ni, ta tambaye ni da Turanci ko na tabbata, ta ce mutane da yawa na jiran gurbin. Na ce na tabbata.

Rayuwa ta ci gaba. Na yi aure, na sami 'yar rumfata a garejin, ba ma kwana da yunwa, kuma ban raina wa Allah ba. Amma wani da muka yi intabiyu tare yakan sa hotunansa a waya, yana tsaye ƙarƙashin fiffiken jirgi da rigar aiki, har sai da na goge lambarsa don in huta. Abin da ya fi muni shi ne na riƙe Inna a zuciya. Ban taɓa yi mata rashin kunya ba, ina zuwa gaisuwa duk Juma'a, ina yin abin da ya wajaba. Sai dai gaisuwar ta zama ta tsaye. Ina kallonta a matsayin matar da ba ta raine ni ba, ba ta taɓa kiran sunana ba, amma ranar da arziki ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ta tuna ita ta haife ni. Shekara shida ina ɗauke da wannan.

Wata Juma'a na je da 'yata ta fari, tana da shekara huɗu lokacin. Kunyar da Inna ke yi mini ba ta shafi jika ba, da ita suke raha har da zagin wasa. Suna zaune a tabarma wani jirgi ya wuce can ƙololuwa, ya bar farin layi a sama. Yarinyar ta miƙe tana nunawa. Inna ta jawo ta jikinta ta ce, "Ƙawata, ai da yanzu ubanki ne ke gyara su. Na aika masa ya tafi, na sa masa albarka, har yaji da kuka na daka masa na guzuri. Ya zo nan ya ce shi ya fasa. Gadon taurin kai ne, ke ma kin kwaso."

Ina tsaye a bakin randa da moɗa a hannu. Ban san lokacin da na ce, "Inna, me kika gaya wa Goggo?" ba. A duk rayuwata wannan ce tambaya ta farko da na yi mata kai tsaye.

Ta amsa tana kallon kan yarinyar. "Na ce ya tafi, Allah ya tsare, ya riƙe salla. Me ta ce maka?"

Na gaya mata. Ba ta yi salati ba, ba ta zagi kowa ba. Can ta ce, "Da ka zo ka ce ka fasa, na zaci tausayinta ka ji. Na ga in na ce ka tafi, za a ce ina raba ta da ɗanta."

Daga nan gidan Goggo na zarce. Na shirya maganganu a hanya, masu zafi, amma ba ta ba ni damar amfani da ko ɗaya ba, don ba ta musa ba. Ta ce, "Eh, na juya maganar. Ita tana da 'ya'ya biyar a gabanta, ni kai kaɗai ne. Da ka tafi wa zai kai ni asibiti? Wa zai tsaya a kan gawata? Ka ce na zalunce ka, na yarda. Amma ni ma da aka ba ni kai, ba a gaya mini aro ba ne."

Matar da ta kwana a kaina ina ƙyanda ce, kuma ita ce ta karya mini rayuwa da jimla biyu. Har yau ni ke ɗaukarta a babur duk wata in kai ta awon hawan jini, kuma har yau ban san ko na yafe ba. Inna kuwa shekara ɗaya da rabi ta ƙara a duniya. Na yi ƙoƙarin gyara tsakaninmu, na riƙa zama ina jan ta da hira, amma mutanen da suka shekara talatin da wani abu ba su saba magana ba, ba su iya ta a wata goma sha takwas.

In na natsu nakan ga haushin Goggo bai kai haushin kaina ba. Rabin awa na yi a bakin ƙofar uwata, tsakanina da ita bai fi taku uku ba, na ɓata shi a kan kwanon ɗaki da akuya. Abin da na koya shi ne kunya tana da wurinta, amma maganar da za ta juya rayuwar mutum ba a ba wa ɗan aike ita, ko da ɗan aiken shi ya fi kowa sonka. Ka je ka ji daga bakin mai ita. Shi ya sa 'yata ta fari nake kiran sunanta da ƙarfi a gaban kowa, in zaunar da ita in tambaye ta abin da take so. Tsofaffin unguwa na cewa ba ni da ta ido. Su faɗa, na riga na biya kuɗin kunya da tsada.