Malam Ɗanliti, Mai Mayar wa Mota Maɓallanta

Kafin masu shagunan Gyaɗi-Gyaɗi su gama sharar safe, Malam Ɗanliti ya riga ya shimfiɗa buhunsa a gindin darbejiyar bayan gareji, ya jera fulaya da wayoyi kala-kala kamar mai tallar zare. Ba ya taɓa mota sai ya sha kunun gyaɗarsa, wai hannun da ke rawar yunwa ba ya haɗa waya. Mai wayarin mota ne, ya haura shekara talatin yana yi. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki ya koma gida Ƙauyen Alu, don gwiwoyinsa sun daina yarda da durƙuso a ƙarƙashin sitiyari.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a Daurawa, kuma abin da na sani game da mota bai wuce shiga da fita ba. Ta dalilin Malam Haruna na san shi. Haruna ne direban da ke kawo mana tukwanen iskar oksijin daga wurin Hajiya Ummulkhairi, tsohuwar nas da ta kama wannan sana'a bayan ta yi ritaya. Da tsadar fetur ta ishe ta, sai ta sayar da tsohuwar a-kori-kurarta ta sayi mai lantarki. Ɗanta Khalid ne ya zaɓo. Mota ce kyakkyawa, ba ƙara ba hayaƙi, sai dai kusan komai nata yana cikin wani allo da ake latsawa kamar waya: waifa, iska, har gyaran madubi.

To, idon Haruna yana hango akuya daga nesa, amma rubutun da ke gaban hancinsa sai da tabarau. Ga yatsunsa sun yi kanta saboda ɗaukar tukwane, in ya taɓa allon sai ya yi masa kunnen uwar shegu. Na fahimce shi sarai, don ni ma haka na'urorinmu suke yi mini in ina sanye da safar hannu.

Wata rana a tsakiyar damina ruwa ya tsuge masa a Unguwar Gano, gilashin gaba ya yi hazo. Ya sunkuya neman inda zai latsa, kafin ya ɗago tayar gaba ta faɗa lambatu. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Amma mu a asibiti mun yi ta duban ƙofa, da wani dattijo a kan gado yana jan numfashi da ƙyar, sai da muka aro tukunya daga maƙwabta. Hajiya ta kira shi ta ce, "Malam Haruna, wallahi ba na son rabuwa da kai. Amma rayukan mutane kake ɗauka. In har zuwa ƙarshen wata motar nan ba ta karɓe ka ba, sai dai ka yi haƙuri." Kuma a lokacin 'yarsa Jummai ba ta daɗe da shiga makarantar koyon jinya ba, da albashin nan kaɗai yake riƙe da ita.

Fitilar motar da ta fashe a lambatun kawai Haruna ya kai wa Malam Ɗanliti. Da ya gama, sai ya shiga ya zauna a gefe ya ce, "Ja mu zaga, in gani." Haruna ya ba ni labari cewa har suka dawo mutumin bai dubi titi ba, fuskarsa yake kallo. Can ya ce, "Kai Haruna, tuƙi kake ko karatu?"

Washegari Malam Ɗanliti ya wanke ƙafa ya je gidan Hajiya, ba wanda ya aike shi. Ya ce a bar shi ya sa wa motar maɓallan da hannu zai gane ba sai ido ya taya shi ba. Khalid ya ce, "Baba, in aka yanke waya ɗaya, garantin kamfani ya tashi." Malam Ɗanliti ya ce, "Ka fi ni gaskiya. To nemo mana hanyar da ba yanka." Khalid ya shiga bincike har ya samo wani ɗan akwati da ake jonawa a ƙasan sitiyari, aka aiko daga Legas. Gwajin farko, da aka danna maɓallin waifa sai tagogi suka zuge gaba ɗaya. Duk garejin aka kwashe da dariya, Malam ne ma ya fi kowa. Suka kwance suka sake, ranar har kunun nasa ya huce.

Maɓalli uku ya yi, kowanne da irin jikinsa. Na waifa ya lulluɓe shi da murfin lemo mai haƙora, na share hazo da wani santsin botin kwat, na madubi kuma ya sassaƙa masa ɗan katako. Sannan ya yi abin da ya saba yi wa kowa: mota na tsaye, ya janyo hular Haruna ta rufe masa ido. "Ruwa ya sauko!" Hannu ya tafi. "Hazo!" Hannu ya tafi. Anas, ɗan adaidaita sahun da ke kai ni aiki, ya ce shi ma haka aka yi masa da aka canza masa makunnin fitila, kuma Malam bai karɓi ko sisi ba sai da hannunsa ya daina lalube.

Kada a ɗauka gaba yake da allon. Yana son yadda yake nuna bayan mota da sauran caji, har cewa yake da a zamaninsa akwai shi, da bai rushe katangar surukinsa ba. Abin da ya ce wa Khalid kawai shi ne, allo na wanda ya tsaya ne, mai tafiya kuwa a ba shi abin da zai damƙa.

Kai ne, Baba Ɗanliti, aka kawo maka fitila ka duba mutum. Mijin Ladi, ba ka gaggawa, ba ka barin aiki rabi! Kai ne ba ka ji kunyar koyo a wurin sa'an ɗanka ba, alhali da yawa daga cikin tsararrakinka da sun ga motar lantarki sai su ce a kai gaba. Gaskiya tafiyarka ta dame ni, don motocin nan ƙaruwa suke yi, kuma ba kowane direba ne zai yi sa'ar faɗawa hannun irinka ba.

Mun gode, Malam Ɗanliti. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya sa ka huta cikin jikokinka. Ku kuma masu gyara da masu sayen motoci, kafin ku ce tsohon direba ya gaza, ku shiga ku zauna a gefensa ku zaga tukuna.

Haruna ya ƙarasa daminar nan bai sake sunkuyawa ba, Hajiya kuma ba ta ƙara tayar da zancen ba. A makon jiya aka turo mana ɗalibai koyon aiki. Da motar ta tsaya a ƙofa, wata daga cikinsu, Jummai 'yar Haruna, ta riga ni fita, ta kama tukunyar farko tana cewa, "Baba, kawo, ni zan shigar."