Ranar da Na Yi wa Ƙarfe Tofi

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da na yi wa ƙarfe tofi.

Lokacin ina ɗalibta a Gumel, ina zaune gidan kawuna maƙerin farfaru, mai ƙera kayan ado. Ni mai kunya ne, sai dai komai na gani sai na ƙura masa ido. Shekarun ne tsofaffin sojan Faransi suka fara shigowa ta Maigatari da gorunan ruwansu na sanholo, farin ƙarfen nan marar nauyi. Ɗayansu ya kawo wa Kawu guda uku, a zuba wa matarsa mundaye.

Kawu ya narka na farko, ya zuba a mazubi mai zafi, ya binne a toka don ya huce a hankali. Ya zo lanƙwasawa, sai ƙas! Na biyu ma haka. Saura ɗaya, ga sojan ya rantse in ya lalace sai duk kasuwa ta ji.

Na duba bakin karayar, na ga ƙwayoyi manya kamar tsabar dawa. Amma wani ɗigo da ya faɗa kan uwar maƙera mai sanyi, da ƙyar na tsaga shi, cikinsa kuwa lukwi kamar gari. Na gane saurin hucewa ne. To, wa zai ce wa Kawu bai iya zubi ba? Ba ni ba.

Sai ga shi ya juyo: "Kai malam, ba ka yi mana wani abu? Hannu aka sa mini a maƙera!"

Na sunkuyar da kai na ce, "Akwai, Kawu, amma da sharaɗi. Mazubin dutse, busasshe mai sanyi, kuma a yi ta ƙwanƙwasa shi har in gama tofi in shafa."

Allah Ya yafe mini, leɓe kawai nake motsawa, ina ƙirga awakin maƙwabta. Mundaye suka fito sumul, suka lanƙwasu ba ko tsaga.

Wata guda ba a zubi sai da ni, har kaza ake yanka mini. Sai na tafi Gagarawa gaida mahaifiyata. Na dawo na tarar da sababbin mundaye a rataye, Kawu yana dubana a kaikaice.

"Malam, ashe tofin naka ko daga Gagarawa yana ci?"

Nan take na faɗi gaskiya. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ja'iri! Da ka buɗe baki tun farko, da kajina suna nan da ransu."

Tun ranar, in na san abu, nakan rusuna in faɗe shi yadda yake. Na gane kunyar da ke sa mutum ƙarya ba ladabi ba ce.