Ankon Nasara a Layin Fursunoni

Saratu, daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu kunyarsa ba ta sake ni ba. Kin san ni na zaɓa wa zumuntar matanmu taken taron bana, nassin nan na jerin gwanon nasarar Almasihu. Na sa aka buga anko, na yi ta cika baki cewa mu ne sarauniyoyi a kan keken doki. To, ran Laraba da ba ki zo nazarin Littafi Mai Tsarki ba, Fasto ya bayyana cewa a al'adar Romawa, in sarkin yaƙi ya ci gari, waɗanda ya kamo ake zagawa da su cikin birni ana ƙona turare, kuma manzon da ya rubuta nassin, cikin kamammun ya sa kansa. Bai kira sunana ba, amma mata duk suka waiwayo.

A mafarkin na gan ni a wani titi na dutse, ga dogayen ginshiƙai, jama'a na ihu da harshen da ban sani ba. Ina cikin ankonmu, na kafa ɗauri. Keken zinariya ya taho, na tattare zane zan hau. Sai kawai wani soja mai hular ƙarfe ya tare ni, ya nuna min layin fursunoni a gaban keken. Na ce, "Malam, ni ce fa shugabar zumunta." Ko kallona bai yi ba.

Sai kawai na ji igiya a hannuna, ƙafata ba takalmi. Hayaƙin turare ya cika titin. Gefen hanya kuwa matan zumunta ne, har da ke, kuna kiɗa da tulu, ba mai dariya. Da dariyar kuka yi ma da ya fi min sauƙi. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Na waiwaya in ga mai keken. Ban ga fuskarsa ba, sai hannunsa riƙe da bakin igiyar, da tabon ƙusar gicciye a jiki. Ba ya ja. Da na duba, ashe ba a ma ɗaure ni ba, ni ce na ƙanƙame igiyar.

Nan na farka, hannuna a dunƙule. Ran Asabar ni zan buɗe taro a gaban matan da suka yi ɗinki a kan maganata. In tashi in ce na koya musu ba daidai ba, ko in ajiye shugabancin? Don Allah Saratu, fassara min, me ya hana ni sakin igiyar nan?