Batirin Karafan da Masu Ɗiban Wuta

Ni rewaya ne, wayoyin mota nake ci da su, kuma ban taɓa son aikin karafan ba. Karafan shi ne sunan da ake kiran motar nan mai ɗaki a Riyad, wadda ke da gado da firij da banɗaki a cikinta, masu hali su kwashi iyali su nufi sahara da ita idan sanyi ya shigo. Ta ƙi zama mota, ta kuma kasa zama gida. Batir biyu gare ta: ɗaya na tayar da inji, ɗaya na gida, wanda ke riƙe da fitilu da firij da famfon ruwa bayan an kashe inji. Na gidan shi ne fitinanne, domin ba ya mutuwa farat ɗaya, sai ya gama wahalar da kowa.

Wani sanyi da ya wuce, wani Balarabe da nake yi wa gyara ya kira ni ransa a ɓace. Ya ce sun fita sahara da iyalinsa da baƙi, ana idar da magariba fitilu suka yi ja suka mutu, famfo ya tsaya, naman da ke firij ya fara sauya wari. Ya ji kunya a gaban surukansa. Kuma batirin bai daɗe ba, na biyu kenan da ya saka.

"Ya mu'allim," in ji shi, "ka je ka gano min. In batirin ne marar kyau, in mayar wa mai shi. In hannun mutum ne, to iƙamar mai gadin motar ta kusa ƙarewa, ba zan sabunta ba. Halas, magana ta ƙare."

Na san mai gadin. Wani dattijo ne mutumin Maraɗi, kowa Baba yake ce masa, mukan haɗu a masallaci a unguwar Utaiƙa ranar Juma'a. Balaraben nan shi ne kafil ɗinsa, wato da sunansa yake zaune a ƙasar. Baba ya tsufa a Riyad. Idan aka ƙi sabunta masa iƙama, takardar izinin zama kenan, babu wanda zai karɓi mai furfura irin tasa, gida zai koma, kuma gidan da shi ya dogara. Tun kafin in ɗauki jakar kayan aikina na ji aikin ya fita daga raina.

A wani fili ake ajiye karafan ɗin, can bayan kasuwar kayan gwari ta Aziziya, tsakanin tankokin ruwa da wasu matattun motoci. Babu lantarki a filin. Abin da ke ciyar da batirin kawai shi ne faifan sola da ke kan rufi, sai kuma inji idan an yi tafiya. Na tarar da Baba ya share wurin tas, ya wanke motar tana ƙyalli, ya shimfiɗa min kwali don kada in ɓata wando.

"Ɗana, sannu da zuwa. Mi ya samu wagga mota? Ni dai ban yi mata komi ba."

Na ce, "Baba, bari mu tambaye ta."

Batirin yana ƙarƙashin kujerar zama. Ina ɗaga murfin na ji ɗan warin ruɓaɓɓen ƙwai, na kuma ga cikinsa ya kumbura ta gefe. Na ci gaba kamar ban gani ba. Na dafa mita a kansa, ta nuna sha biyu da 'yan kai, kamar lafiyayye. Haka suke, munafukai. Na ce Baba ya kunna fitilu da famfo. Nan take lambar ta zube ƙasa da sha ɗaya, fitilun suka yi kamar idon mai zazzaɓi. Batir dai ya tafi, ɗaki guda a cikinsa ya mutu. Amma ba wannan aka aiko ni nema ba. An aiko ni in gano wanda ya kashe shi.

Na fara da inda nake fatan samun laifi. Na kwance kawunan batirin, babu tsatsa, babu farin gari. Na zare fis ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya. Na tayar da inji na auna, caji yana shigowa yadda ya kamata. Na hau rufi ina addu'ar in tarar da faifan sola ya tsage ko ƙura ta rufe shi, sai na same shi fes, Baba kullum sai ya goge shi da tsumma. Har haushinsa na ji. Da ya kasance malalaci ko kaɗan ne, da na sami abin faɗa.

Saura gwaji ɗaya. Wani lokaci akwai ɓarawon wuta a cikin mota, wata waya da ta goge ko wata na'ura da ba ta barci, tana tsotsar batir a ɓoye ko an kashe komai. Na kashe komai, na cire waya ɗaya daga batirin, na sa mita a tsakani. Ban taɓa roƙon Allah ya nuna min aikin ɓera ba sai ran nan. Mitar ta tsaya cik, babu abin da ke fita. Motar ba ta da laifi ko na sisin kwabo.

Na zauna a bakin ƙofa ina kallon takalmina. A nan idona ya sauka a kan soket ɗin da ke kusa da ƙofar, wanda ke fitowa daga inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida. Sauran soket ɗin motar sababbi ne fil. Wannan kuwa bakinsa ya saki, gefensa ya yi baƙi da dauɗar yatsu. Sai aka kira la'asar.

Muna idar da salla sai ga su. 'Yan dako ne na kasuwar, mutanen Maraɗi da Damagaram, rigunansu duk warin albasa. Na gaba yana riƙe da wayoyin salula a tafin hannu biyu, wani da tocila, wani da rediyo, na ƙarshe ya rungumo butar shayi ta lantarki.

"Salamu alaikum, Baba. Mun zo ɗiban wuta."

Baba ya yi dariya ya ce, "Yau wutar ta kwanta, ga likita nan shina dubinta." Sannan ya sunkuya ƙarƙashin gado ya jawo wata doguwar waya mai bakuna da yawa, ya nuna min ita da alfahari, kamar mai nuna jikansa.

Ashe a wani tsohon gini suke kwana a bayan filin, mai ginin ya yanke musu lantarki saboda zai rushe shi. Tun bazara suke zuwa. Da zafi su kawo fanka su kwanta a inuwar motar, da sanyi su dafa shayi. Kullum sai inbata ta yi ƙara ta ɗauke da kanta suke tashi.

Na sallame su da kyar, sannan na juyo kan Baba. Ina da saurin fushi, kuma ran nan ban riƙe shi ba.

"Baba, ka ce min ba ka yi mata komai ba! Butar shayi? A kan batir? Ka san abin da butar nan take sha kuwa? Kai da hannunka ka yanka shi, yanzu me kake so in je in ce wa mutumin nan?"

Ya dube ni da mamaki na gaskiya, ba na wanda aka kama ba.

"Ɗana, wuta ce hwa. A garinmu in murhun mace ya mutu, kasko taka ɗauka ta shiga maƙwabta ta ɗebo. Tun da ni ke ban taɓa jin wanda ya hana ba, ko suna gaba. Kuma wadda ta bada, nata murhun bai raguwa. Wagga ma ba ta kafil ba ce, rana ka bada ta, ni ka goge mata hanya kullum."

Na san abin da yake faɗa. Ni ma an aike ni ɗiban wuta ina yaro, na sha ƙona yatsa a hanya. Sai na sassauta murya na ce masa wannan ba murhu ba ne, randa ce. Abin da aka ɗiba ya ragu, rana kuma cokali-cokali take zubawa. Irin wannan randar idan ana ƙafe ta har ƙasa kullum, tsagewa take yi, ba ta sake riƙe ruwa.

Ya juya doguwar wayar a hannunsa. Can ya ce, "To don mi a ka ce mata wuta?"

Na miƙe na fara tattara kayan aikina.

Kafin in tafi na yi masa huɗuba. Na ce gobe idan kafil ya zo, ya ja bakinsa ya yi shiru, ni zan yi magana. Zan ce zafin bazara ne ya dafa batirin. Ba ƙarya ce zalla ba, zafin Riyad yana cin batir. Na ɗauke doguwar wayar na jefa a but ɗin motata, na goge bakin soket ɗin da fetur. Baba ya ce to. Irin "to" ɗin da na ji na san ba ta shiga ba.

Washegari da hantsi kafil ya iso. Na nuna masa kumburin, na nuna masa mita, na yi ta zuba a kan zafi da rashin ingancin kayan yanzu. Yana gyaɗa kai. Har ya fara lalubar lambar mai sayar da batir a wayarsa, na ji numfashina ya dawo. Sai ya ɗago ya dubi Baba, ba da faɗa ba, ya ce, "Wallah ba ka taɓa komai ba?"

Da bai ce wallah ba, da Baba yana Riyad har yanzu. Baba ya dube ni, na kawar da kai. Sai ya buɗe baki da guntun Larabcinsa na kasuwa, ya ce shi dai yana ba mutane *nar*.

A Hausa wuta ɗaya ce, ta murhu da ta waya. A Larabci ba haka ba ne. Ta waya *kahraba* ce, *nar* kuwa mai ci da harshe. Abin da kafil ya ji shi ne mai gadinsa yana hura wuta a cikin karafan, kusa da tukunyar gas, inda 'ya'yansa ke kwana. Fuskarsa ta canza, ya fara ɗaga murya yana ambaton 'yan sanda.

Babu yadda zan yi. Don in fitar da Baba daga laifin da bai yi ba, dole na shimfiɗa wanda ya yi. Na ce ba *nar* yake nufi ba, *kahraba* yake nufi. Kafil ya ce wa yake ba? Na faɗa. Tun yaushe? Na faɗa. Wayoyi, fanka, butar shayi, duk da bakina, ni da na kwana ina shirya yadda zan rufe. Baƙin ciki ya cika ni har ina jin ɗacinsa a harshe.

Kafil ba azzalumi ba ne, kuma wannan ya fi ƙona min rai, domin ban sami wanda zan tsana ba. Ya huce, sannan ya ce in tambayi Baba me ya sa bai nemi izini ba. Na tambaye shi.

Baba ya ce, "Ai ba a tambaya."

Na fassara. Kafil ya girgiza kai ya ce, "Halas." Ya ce in sa sabon batir, in kuma sa makunni mai mukulli, wanda idan ya murɗe ya tafi da shi babu abin da zai kama a motar. Na roƙe shi, na ce tsoho ne, ya gane yanzu. Ya ce ya yafe batirin, amma ba zai iya barin motarsa a hannun wanda bai ga laifin abin ba. Ni na sa makunnin. Aiki ne mai sauƙi, kuma na yi shi da kyau, don ban iya yin na banza ba.

Ranar da Baba zai tafi ni na je ɗaukarsa zuwa filin jirgi. Na same shi zaune a kan jakarsa a gefen karafan, motar a kulle, faifan sola ya yi ƙura. An riga an rushe ginin 'yan dakon, sun watse, babu wanda ya zo sallama. Muka kama hanya. Ban ga abin da zai koma ya tarar ba in ban da bakunan da ke jiransa, shi ma na san lissafin da yake yi kenan.

Mun wuce Aziziya sai ya ciro wayarsa, ya danna, ya sake dannawa. Ta mutu. Yana son ya gaya wa 'yarsa ya taso. Ya daɗe yana riƙe da ita a cinya kafin ya ce, a hankali, "Ɗana, ko zan samu wuta kaɗan?"

Na miƙa masa cajar motata. Ya karɓa, ya kai bakin wayar, sai ya tsaya. Mutumin da ya ba rabin kasuwa wuta bai taɓa tambayar kowa ba, ya juyo ya dube ni da tsoro a idonsa.

"Ba za ta kashe ma naka ba?"

Na ce, "Sa kawai, Baba." Na riƙe sitiyari da hannu biyu, ban sake iya kallonsa ba har muka isa.